Wa Zai Gani, Wa Zai Taɓa? Muhawara Kan Sabunta Gidan Tarihin Sararin Samaniya na Amurka

A tsakiyar birnin Washinton, daf da ginin majalisar dokokin Amurka, akwai wani dogon gini da aka buɗe ranar 1 ga Yulin 1976. Shi ne gidan tarihin jiragen sama da sararin samaniya na ƙasar, ɗaya daga cikin gidajen da cibiyar Smithsonian ke kula da su. A nan aka ajiye jirgin da Wilbur da Orville Wright suka fara tashi da shi a 1903, da kumbon Columbia wanda ya kai Neil Armstrong da Buzz Aldrin da Michael Collins duniyar wata ya dawo da su a 1969. Shiga kyauta ce ga kowa.

Tun 2018 ake yi wa gidan garambawul daga sama har ƙasa. Dalilin farko na gini ne. An tsara shi don baƙi wajen miliyan 2 a shekara, sai ga shi a wasu shekarun yana karɓar kusan miliyan 7. Duwatsun da aka lulluɓe bangonsa da su ba su da kauri, suka lanƙwashe suka tsattsage, na'urorin sanyaya iska kuma suka gaji. Tunda dole a fitar da kaya kafin a taɓa bango, sai hukumar gidan ta yanke shawarar sake fasalin ɗakunan baje koli 23 gaba ɗaya. Majalisa ta ɗauki nauyin ginin, masu hannu da shuni suka taimaka da kuɗin ɗakunan. Jeff Bezos, wanda ya kafa kamfanin Amazon, ya ba da dala miliyan 200 a 2021, aka ware miliyan 70 daga ciki don wannan aiki. An buɗe ɗakuna 8 a Oktoban 2022, aka ƙara 5 a Yulin 2025, aka tsara kammala sauran a 2026, shekarar da gidan ke cika 50.

Duk lokacin da aka buɗe sabon ɗaki sai ka ji ra'ayi ya rabu. Tsofaffin maziyarta na kukan cewa an rage cunkoson injina da rokoki da suka saba gani, an cika wuri da allunan kwamfuta. Malaman makaranta na cewa sai yanzu yara ke fahimtar abin da suke kallo. Masu buƙata ta musamman kuwa tambayarsu dabam ce: shin wannan karon an tuna da mu tun daga takardar zane, ko sai bayan an gama za a liƙa mana wata 'yar hanya a gefe? Wannan tambaya ta uku ita ce ma'aunin da ya dace a ɗora sauran a kai, domin kayan tarihin da mutum ba zai iya kusanta ba, a wajensa daidai yake da wanda aka kulle a sito.

Abin da gilashi ke karewa

Rigar da Armstrong ya taka wata da ita ta nuna inda gizo ke saƙar. An ɗinka ta ne don tafiya ɗaya, da yadudduka da roba iri-iri, ba a yi ta don ta shekara hamsin ba. Robar cikinta ta fara bushewa tana fitar da iskar da ke cin sauran kayan, don haka aka janye ta daga idon jama'a a 2006. A 2015 gidan ya nemi gudummawar jama'a ta intanet, aka tara fiye da dala 700,000, aka ƙera mata gangar jiki ta musamman mai zagaya iska a ciki, da akwatin gilashi mai daidaita zafi da laima. Ta koma wurinta a Yulin 2019.

Masu adana kaya sun yi nasara, amma da tsada. Yadi da takarda ba sa son haske mai ƙarfi, shi ya sa ake rage fitilar irin waɗannan akwatuna. Mai raunin gani kuwa haske yake buƙata. Gilashin da ke hana numfashi da yatsun miliyoyin mutane lalata rigar, shi ne kuma ke sa makaho ya tsaya a gabanta bai san siffarta ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to ga wanda idonsa hannunsa ne, taɓawa ce ke korar ji.

Gidan ya san haka tun ranar da aka buɗe shi. Akwai wani ɗan yankin dutsen wata da 'yan sama jannatin Apollo 17 suka kawo a 1972, mai shekaru kusan biliyan 4, wanda aka bar shi a fili don kowa ya ɗora yatsa. Daga cikin kilo 382 na duwatsu da ƙasar wata da shirin Apollo ya kwaso, 'yan gutsattsari kaɗan ne a duniya aka amince a taɓa. Dutse yana jure hannu, riga ba ta jurewa, don haka mafitar sauran kayan ita ce kwafi. A 2016 an ɗauki hoton kumbon Columbia ciki da waje da na'urar da ke auna kowane lungu, har aka ga kalandar da 'yan sama jannatin suka zana da hannu a bangonsa. An saka bayanan a intanet, duk makarantar da ke da injin buga siffa za ta iya fitar da ƙaramin kumbon ta miƙa wa ɗalibi makaho. Haka aka yi wa rigar Armstrong, har aka kafa kwafinta a filayen wasa 15 a faɗin Amurka a 2019.

Daga kan keken guragu

Gidajen tarihin jirage suna son rataye kaya a rufi, saboda jirgi ya fi kyau a sama, kuma hakan na rage cin fili. Jirgin Wright ya daɗe a rataye, sai a 2003 aka sauko da shi ƙasa, mutane suka fara ganin ɗinkin yadin fikafikansa da sarƙoƙin injinsa. Waɗanda suka fi amfana su ne yaro da mai keken guragu, waɗanda idonsu bai wuce mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa ba.

Dokar kare haƙƙin naƙasassu da Amurka ta kafa a 1990 ta zo da ma'aunai bayyanannu: faɗin hanya kada ya gaza santimita 91, filin juya keke mita ɗaya da rabi, gangara kuma duk hawan mita 1 a ba ta tsawon mita 12. Waɗannan suna da sauƙin aunawa da tef. Abin da ya fi wuya shi ne wanda tef ba ya kamawa. Allon taɓawa na kwamfuta, wanda masu zanen zamani ke ji da shi, santsin gilashi ne kawai a hannun makaho idan ba a haɗa shi da maɓallai da murya ba. Fim ba tare da rubutu a ƙasa ba hoto ne mara labari ga kurma. Ƙarar tashin roka da walƙiyar fitilu da ke burge yawancin yara na iya firgita yaro mai lalurar galahanga, shi ya sa gidajen Smithsonian ke ware wasu safiyoyi kafin buɗe ƙofa don irin waɗannan iyalai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, na rayuwa da naƙasa mai tsanani. Gidan da ke karɓar miliyoyin baƙi ba zai kira wannan adadi 'yan tsiraru ba.

Akwai kuma batun labarin wa ake bayarwa. A birnin na Washinton ne jami'ar kurame ta Gallaudet take. Daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1968, maza 11 daga can sun ba da kansu ga binciken hukumar NASA da rundunar sojan ruwa. Yawancinsu sanƙarau ne ya kurmantar da su, ya lalata sashen kunnen da ke sa jiri, don haka juyi ba ya tayar musu da zuciya. An zaunar da wasunsu kwana 12 a ɗaki mai juyawa, aka ɗora su a jirgin ruwa cikin guguwa, masu binciken suka galabaita su kuwa ko a jikinsu. Da su aka gane yadda rashin nauyi zai shafi jikin ɗan sama jannati. Yaro kurma da ya tarar da irin wannan labari a bango zai fita da sanin cewa da irinsa aka yi tafiyar.

Ƙofa da nisa

Tun 2022 sai mutum ya yanki tikitin kyauta mai lokaci ta intanet kafin ya shiga ginin Washinton. Tsarin ya rage turmutsutsu, abin da ya yi wa masu keke da masu sanda daɗi. Amma ya kafa sabon shinge ga dattijon da bai iya waya ba da baƙon da ya zo babu shiri.

Rikicin da ya fi zafi ya shafi kumbon Discovery, wanda ya yi tafiya 39 tsakanin 1984 da 2011, ya kuma kai madubin hangen nesa na Hubble sama a 1990. Tun 2012 yana reshen gidan da ke Chantilly a jihar Virginia, kusa da filin jirgin Dulles. A Yulin 2025 majalisa ta ware dala miliyan 85 don kai wani kumbo birnin Houston, sanatocin Texas biyu, John Cornyn da Ted Cruz, ba su ɓoye cewa Discovery suke nufi ba. Hujjarsu ita ce daga Houston aka riƙa sarrafa tafiye-tafiyen, amma da aka tashi rabon kumbuna irin Discovery aka tsallake birnin. Smithsonian ta ce NASA ta mallaka mata kumbon, ta kuma ce kuɗin bai kama ƙafar abin da aikin zai ci ba. Tsawonsa mita 37, faɗin fikafikansa mita 24, jikinsa lulluɓe da dubban fale-falen kare zafi masu saurin fashewa, jirage biyu ƙirar Boeing 747 da aka gyara don goya shi kuma sun yi ritaya. Lokacin da aka ja ɗan'uwansa Endeavour kilomita 19 kacal a titunan Los Angeles a 2012, sai da aka sare bishiyoyi kusan 400.

Kowane ɓangare cewa yake don jama'a yake yi. Yaron Texas yana da haƙƙin ganin kumbo, wannan gaskiya ne. Sai dai ɗauke shi daga wani gari zuwa wani ba ya ƙara yawan masu iya kusantarsa, sauya su kawai yake yi, kuma idan ya kai ga a kwance shi gunduwa-gunduwa, kowa ya yi asara. Ɗan abin da za a tsakura daga irin wannan kuɗi zai ƙera kwafi masu yawa na taɓawa, ya sa wa kowane allo murya da rubutun makafi, ya kai baje koli garuruwan da ba su taɓa gani ba.

Fasalin da aka yi wa gidan a 1976 ya haura shekara arba'in kafin a rushe shi, kuma wanda ake kafawa yanzu ba zai gaza haka da yawa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sauya tsayin akwati a kan takardar zane aikin minti biyar ne, bayan an zuba kankare kuwa sai kwangila. Don haka lokacin da ya dace a kira makafi da kurame da masu keke shi ne lokacin da ake gwada samfurin katako, su zauna a teburi ɗaya da injiniyoyi da masu adana kaya, kuma a ba su ikon cewa a sake.