Mesa a Cikin Gida

 Shirinmu na musamman na yau daga nan Kaduna zai tsaya ne a kan mesa, da muhawarar da ake tafkawa a ƙasashe da dama, shin ya halatta mutum ya ajiye ta a ɗakinsa don sha'awa, ko kuwa wajibi ne hukuma ta hana.

Wanda duk ya tashi a Tudun Wada ko Kawo ko Unguwar Shanu, da wuya a ce bai taɓa kutsa kai cikin taron gardawa a bakin kasuwa ba, inda ake kaɗa ganga, a buɗe akwati, a fito da mesa a rataya a wuya, sa'an nan a baje ƙulle-ƙullen magani a ce wanda ya sha ya fi ƙarfin maciji. To, a nan ne ya kamata mai hankali ya dakata, domin ita mesa ba ta da dafi ko kaɗan. Makaminta ƙarfi ne: ta cafka da haƙora, ta nannaɗe, ta matse har jini ya daina gudana, kuma babu laƙani ko laya da za su sassauta wannan matsa idan ta soma.

Ku saurari abin da ya auku a garin Campbellton na ƙasar Kanada cikin watan Agusta na 2013. Wasu yara biyu, wa da ƙane, ɗaya shekara 6 ɗaya shekara 4, suka je kwana gidan abokinsu, a saman wani kanti da ake sayar da dabbobi, alhali maigidan yana da mesa irin tamu ta Afirka, mai tsawon kusan mita 4, a kulle cikin ɗakinta. Da dare ya tsala, sai ta bi ta bututun da iska ke shiga, ta haura rufi, ta faɗo inda yaran suke barci. Gari bai waye ba sai da ta halaka su duka biyun. Ta bututun iska, jama'a! Kotu ta wanke maigidan daga laifin sakaci a 2016, wato ke nan ko mutumin da shari'a ba ta sami laifinsa ba, bai iya tsare ta ba. Ina kuma ga gidan haya a Badarawa, mai ɗakuna a jere da ƙofar kwano, inda yara ke kwana a tsakar gida lokacin bazara?

Amurka ta hana shigo da manyan macizai iri 4 a 2012, har da mesar Afirka, bayan da mesar ƙasar Bama, wadda fataucin dabbobi ya kai can, ta yaɗu a fadamun Everglades na jihar Florida ta cinye ƙananan namun daji. Jihar Florida kuma ta tsaurara haramcin ajiye su a 2021. Masu kiwon mesa suna kawo hujja cewa karnuka sun fi mesa kashe mutane, kuma gaskiya ne. Amma kare yana gadi, yana farauta, mesa fa? Rashin manfa'a irin wannan ne ya sa fuƙaha'u da yawa suka hana cinikin macizai, ga kuma haƙƙin maƙwabci, wanda ba a shawarce shi ba aka ɗora masa hatsarin.

Lokaci na neman ƙure mana. A taƙaice, a nan gida, dokar namun daji ta Arewa ta 1963 ta fi karkata ga farauta, ta tarayya ta 1985 kuma ga fatauci da ƙasashen waje. Roƙonmu ga Majalisar Dokokin Jihar Kaduna, da ke zama a Lugard Hall, shi ne ta yi doka bayyananniya da za ta hana ajiye mesa a cikin unguwa, ta kuma yi wa gardawa rajista da sharuɗɗa, domin su ma abincinsu suke nema. Kai kuma mai sauraro, in ka san gidan da ake ajiye ta a layinku, ka sanar da mai unguwa tun yau.