Daga Kunne Zuwa Ido: Dalilin Girman Wayar Hannu

Duk wanda ya riski zamanin da wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001 zai tuna cewa abin taƙama a wancan lokaci shi ne ƙanƙantar waya, har mutum kan fiddo tasa a majalisa don dai a ga yadda take ɓuya cikin tafin hannu. Yau kuwa al'amari ya juye, wadda ta fi cika aljihu ita ake rububi.

Sa'ad da kamfanin Apple ya fitar da iPhone ta farko a 2007, fuskarta inci 3.5 ce kacal, bisa ƙa'idar awon da ake yi daga kusurwa zuwa kishiyarta. Kuma shugaban kamfanin, Steve Jobs, ya yi wa manyan wayoyi ba'a a 2010, yana ganin ba mai sayen abin da hannu ba ya iya kewayewa. Shekara guda bayan haka Samsung na Koriya ta Kudu ya kawo Galaxy Note mai inci 5.3, masana suka yi dariya, jama'a kuwa suka saya. Da hujjar kasuwa ta tsayu, Apple da kansa ya sallama a 2014. Ƙaramar da ya sake jarrabawa a 2020, mai suna mini, shekara biyu ta yi aka daina sabunta ta, aka maye gurbinta da mai inci 6.7, wadda faɗin fuskarta ya kai kimanin ninki uku na iPhone ta farko.

A nawa nazarin, asalin mas'alar shi ne waya ta yi hijira daga kunne ta koma ido. A da magana ake yi da ita, kunne kuwa bai damu da girma ba. Yanzu da ita ake kallon fim da tafsirin watan azumi, da ita ɗan kasuwa ke duba hoton haja ya tura kuɗi, ɗalibi kuma ke muraja'ar littafin da ba shi da halin saye, alhali ga mafi yawan mutanenmu ita ce kwamfutar, ita ce talabijin ɗin. Dattijon da ganinsa ya raunana ma shaida ne, don baƙaƙen sun fi fitowa.

Akwai kuma maslahar da ba a faye ambata ba: babban jiki shi ke ɗaukar babban batir, kuma a ƙasar da wutar lantarki ke zuwa kamar baƙuwa, wannan ba ƙaramar falala ba ce. Masu ƙera wayoyin Tecno da Infinix sun fahimci haka tun da wuri.

Illa dai tana nan, ga nauyi, ga saurin faɗuwa, ga tsadar canjin gilashi. Mai niyyar saye, don Allah, ka riƙe ta da hannu ɗaya, ka ga iyakar inda babban yatsanka ya kai, kafin ka biya.