Me ya sa tsohon babur ke ƙugi amma ba ya gudu?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, lissafin ɗan kabu-kabu ya sauya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a 2024. Faɗuwar darajar naira ta sa sabon babur ya fi ƙarfin matasa da dama, shi ya sa a Badariya da sauran unguwannin Birnin Kebbi ake ta lallaɓa tsofaffi. Cikin cututtukan tsufansu, wadda ke cin kuɗi a ɓoye ita ce ta kuloci.

Kuloci shi ne ke haɗa ƙarfin inji da giya. A babur irin Bajaj Boxer, jerin farantai ne da ke jiƙe cikin baƙin mai, sifirin na matse su wuri guda. Idan matuƙi ya ja hannun kuloci sai su rabu, idan ya saki su sake kama juna.

Matsala mafi yawa ita ce zamewa. A murɗa totur, inji ya ɗaga murya, amma gudu bai ƙaru ba, musamman idan an yi lodin buhunan shinkafa an kama hanyar Argungu. Man da ya kamata ya juya taya yana tafiya ne a zafi kawai. Gwajin ba wuya: a riƙe birkin gaba, a sa babbar giya, a saki kuloci a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin nan take. Idan injin ya ci gaba da aiki, farantan na zamewa.

Sai dai gaggawar buɗe inji asara ce. Wayar kuloci ake fara dubawa. Dole hannun ya kasance da ɗan sako-sako, kamar milimita 2 zuwa 3 a gindinsa. Idan an ɗaure wayar tamau, farantan ba za su taɓa kamawa sosai ba, kuma gyaran bai wuce juya noti ba. Daga nan sai baƙin mai. Wasu mayukan mota na ɗauke da sinadaran ƙara santsi waɗanda ke sa kulocin babur zamewa. Wanda aka rubuta JASO MA a jikin robarsa shi ne ya dace. Na kwalba da ake aunawa a bakin titi kuwa, araharsa kan dawo da tsada. Sai waɗannan biyun sun fita daga zargi sannan bakanike ya buɗe ya auna kaurin farantai da ƙarfin sifirin.

Akwai kuma kishiyar zamewa, wato kuloci ya ƙi saki: babur na fizga idan an sa giya ta ɗaya, komawa firi ya zama kokawa. Galibi waya ce ta yi sako-sako fiye da kima, ko zafi ya lanƙwasa farantan ƙarfen. Hannu mai tauri kuma yawanci ƙurar hunturu ce ta busar da waya, ɗigon mai ya wadatar.

Abin da ya fi saurin cinye sabbin farantai shi ne riƙe rabin kuloci ana danna wuta a cikin rairayi, ɗabi'ar da lungunan da ba su ga kwalta ba ke tilasta wa matuƙi kullum.