Ba'ar Masu Rubuta Manhaja da Tsoffin Harsunan da ke Lissafa Ruwan Rima

Masu rubuta manhajar kwamfuta mutane ne masu yawan ba'a a tsakaninsu, kuma galibin ba'ar a kan tsoffin harsunan sana'arsu take sauka. Suna cewa COBOL sarkin surutu ne, abin da wani harshe zai faɗa a layi ɗaya shi sai ya cika shafi. Suna cewa Lisp, wanda John McCarthy ya ƙirƙira a 1958, ba shi da komai sai baka a cikin baka, har ido ya gaji da ƙirga su. Fortran kuwa sun mayar da shi tsoho mai rikici wanda ya ƙi ya sauka daga kan kujera. Ni a ganina wannan ba'a irin wasan jika da kaka ce. Jika yana tsokanar kakarsa don ya san ta ciki da bai, kuma a gidanta yake cin tuwo, amma baƙon da ya ji tsokanar ya ɗauka an yi watsi da tsohuwar, shi ne ya yi ɓatan kai. Irin wannan ɓatan kan ake yi yanzu a tsakanin ɗalibanmu masu koyon kimiyyar kwamfuta, waɗanda suka tsinci ba'ar a intanet ba tare da sun gaji ilimin da ya haife ta ba. Kuma asarar ta fi shafar wurare irin Wurno da Rabah da Goronyo, inda rayuwa ta rataya a kan ruwa.

A fara da Fortran, tunda shi ne babba. John Backus da abokan aikinsa a kamfanin IBM suka fito da shi a 1957 domin injin IBM 704, a zamanin da ake ba kwamfuta umarni ta hanyar kati mai huji. Kowane kati yana da gurbi 80, kuma layi ɗaya kawai yake ɗauka. Gurbi na 1 zuwa na 5 na lambar layi ne, na 6 alama ce cewa layin ci gaban na baya ne, umarnin kansa yana tsakanin na 7 da na 72, sauran takwas ɗin kuma ana buga musu lambar jeri, domin idan tarin katin ya suɓuce ya watse a ƙasa a iya sake jera shi. Katin ya daɗe da ɓacewa, amma dokar ta zauna a cikin harshen shekaru da dama, har ta kai idan rubutun mutum ya zarce gurbi na 72 sai injin ya yanke ragowar bai ce uffan ba. Akwai kuma dokar harafin farko: duk sunan da ya fara da I, J, K, L, M ko N, injin yana ɗaukarsa a matsayin cikakkiyar lamba marar ɓurɓushi, sai fa idan an gaya masa saɓanin haka. Ɗalibin da ke lissafin ban ruwa ya rubuta ZURFI = 2.75, injin zai ajiye masa 2.75 daidai. Ya rubuta MALALA = 2.75, sai injin ya ajiye 2, ya zubar da sauran, don kawai sunan ya fara da M. Babu gargaɗi, babu ƙorafi, lissafi zai ci gaba har ƙarshe ya ba da amsa mai kama da gaskiya.

Daga irin waɗannan halaye ba'ar ta samo asali, shi ya sa nake ganin ba'ar kanta wata hanya ce ta adana ilimi. Shahararren labarin da ake bayarwa shi ne na waƙafi da aya. Tsohon Fortran ba ya kula da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Idan aka rubuta DO 10 I = 1,10 ana nufin injin ya maimaita wani aiki sau goma. Idan hannu ya kuskure ya sa aya a wurin waƙafi, ya zama DO 10 I = 1.10, sai injin ya haɗe haruffan ya ɗauka wani sabon suna ne, DO10I, ya ba shi ƙimar 1.10, ya yi aikin sau ɗaya tak ya wuce. An daɗe ana cewa wannan kuskure ne ya hallaka kumbon Mariner 1 da Amurka ta harba zuwa tauraruwar Zara a watan Yulin 1962. Ba haka abin yake ba, domin matsalar kumbon ta haɗa da na'urar da ta samu tangarɗa da kuma wata 'yar alama da aka tsallake wajen kwafe lissafin da aka rubuta da hannu. Amma labarin ya rayu saboda darasin da ke cikinsa gaskiya ne, kuma wanda ya taɓa jin sa ba zai ƙara yarda da harshen da ke karɓar sabon suna ba tare da tambaya ba. Masu kula da Fortran ma sun ji, domin a tsarin Fortran 90 an shigar da umarnin IMPLICIT NONE, wanda ke tilasta a bayyana kowane suna kafin a yi aiki da shi, aka kuma saki marubuci daga ƙangin gurbi na 7 zuwa na 72.

Wata ba'ar ma har harshe guda aka gina mata. A 1972 ɗalibai biyu a Jami'ar Princeton, Don Woods da James Lyon, suka ƙirƙiri INTERCAL don su tsokani harsunan zamaninsu. A cikinsa akwai kalmar roƙo, PLEASE, wadda idan marubuci ya yi ƙarancinta injin zai ƙi aikin ya ce ba shi da ladabi, idan kuma ya cika ta ya ce ladabin ya yi yawa. Wanda bai taɓa fama da dokokin harsunan wancan lokaci ba, ba zai gane abin dariyar ba. Haka rubutun Ed Post na 1983 a mujallar Datamation, wanda ya zana gwanin gaske a matsayin mai Fortran da ke raina masu harshen Pascal, rabinsa yabo ne rabinsa zolaya. Masanin kwamfuta Edsger Dijkstra shi ba da wasa yake yi ba. A 1968 ya rubuta wasiƙar da ta soki umarnin GOTO, mai sa aiki ya riƙa tsalle daga wannan layi zuwa wancan har a rasa bakin zaren, a 1975 kuma ya yi wa Fortran da COBOL da BASIC kaca-kaca, yana ganin suna lalata tunanin mai koyo. A kan GOTO ya yi gaskiya, kuma duniya ta bi shi. A kan COBOL ina ganin ya yi tsauri, domin surutun da ake zargin harshen da shi da gangan aka sa shi a 1959, don akawu da manaja su iya bin abin da aka rubuta. Kuma COBOL yana lissafin kuɗi da goma-goma kamar yadda ɗan kasuwa ke yi, alhali a Python idan aka tara 0.1 da 0.2 ta hanyar da aka saba, amsar da ke fitowa ita ce 0.30000000000000004. A lissafin albashin mutum dubu ɗari wannan ɗan wutsiyar ba abin wasa ba ne. A watan Afrilun 2020, da tsarin biyan marasa aikin yi na jihar New Jersey ya kasa ɗaukar cunkoson da annobar korona ta jawo, sai da gwamna Phil Murphy ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL.

To, ina ruwan manomin albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno da wannan zance? Ruwansa ne kuwa, a zahiri. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka kuma ƙaddamar a 1992, tana da tsawon kilomita 12.5 da tsayin mita 21, an kuma gina ta don ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Ruwan da ke shiga cikinta daga nesa yake tahowa, ta Gagare da Bunsuru da Gulbin Maraɗi, wato ruwan da aka yi a Katsina da Zamfara da Jamhuriyar Nijar. Mai kula da ƙofofin dam yana tsakanin haɗari biyu: ya saki ruwa da wuri noman rani ya rasa, ya riƙe shi ya wuce kima a kwana cikin ambaliya, irin wadda aka gani a watan Satumbar 2010 lokacin da ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki a kwarin Rima har ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Rabah kuma tana kan Gulbin Sakkwato, ƙasa da madatsar Bakolori, don haka ita ma abin da aka yanke a can sama shi ke isowa gare ta. Yanke irin wannan shawara yana buƙatar hasashe, hasashen kuma manhaja ke yin sa. Manhajar SWAT, wadda masana a ƙasashe da dama ke amfani da ita wajen ƙiyasta yadda ruwan sama ke zama ruwan gulbi, da Fortran aka rubuta ta. MODFLOW, wadda hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta fitar a 1984 don lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa, Fortran ce, kuma ita ce mai binciken da ke son sanin ƙarfin ruwan da ke cikin yashin da masana suka raɗa wa sunan Wurno da Taloka zai fi saurin cin karo da ita. DSSAT mai ƙiyasta amfanin shinkafa da gero da dawa, Fortran ce. Manyan manhajojin hasashen yanayi, irin WRF ta Amurka da ta cibiyar hasashen ƙasashen Turai da ke Reading a Ingila, su ma haka.

Za a ce, kuma da hujja, ai matsalarmu a nan ba raina tsoffin harsuna ba ce, maƙale musu ce. Shekara da shekaru ana koyar da BASIC a sakandare da Fortran 77 a manyan makarantu, sau da yawa a kan allo, ɗalibi ya haddace ya rubuta a takardar jarrabawa bai taɓa ganin injin ya karɓa ko ya ƙi ba. Ya gama ya fito kasuwar aiki, ya tarar ana tambayarsa Python da JavaScript. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma ba na goyon bayan a ci gaba da haka. Amma laifin ba na shekarun harshen ba ne. Wanda aka koya wa Python a kan allo, babu wuta babu inji, shi ma hannu rabbana zai fita. BASIC ɗin da ake yi wa dariya saboda lambobin layinsa, 10, 20, 30, John Kemeny da Thomas Kurtz sun ƙirƙire shi ne a Kwalejin Dartmouth a 1964 domin ɗalibi ya zauna gaban inji ya rubuta ya ga amsa nan take, wato akasin yadda muke koyar da shi. Tazarar goma-goma ɗin ma dabara ce, don a sami wurin cusa layin da aka manta. Sannan raba Python da Fortran kamar kishiyoyi rashin sanin cikin gida ne, domin idan ɗalibi ya sa Python ta warware masa babban lissafi ta NumPy ko SciPy, galibi aikin yana gangarawa ne zuwa LAPACK, tarin dabarun lissafi da aka rubuta da Fortran tun 1992. Fortran kansa bai tsaya a 1977 ba, sabon tsarinsa na baya-bayan nan na 2023 ne.

Akwai ƙorafi na biyu da ya fi wannan nauyi, cewa girmama tsohuwar manhaja yakan zama tsoron taɓa ta, har ta yi ɓarna. Misalinsa rokar Ariane 5 ta Turai, wadda ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta ranar 4 ga Yunin 1996. An ɗauko wani sashe na manhajar Ariane 4, wanda aka rubuta da harshen Ada kuma ya yi aiki lafiya shekaru, aka sa a sabuwar roka mai gudun da ya fi na tsohuwar, sai wata lamba ta yi girman da ma'ajinta ba zai ɗauka ba. Na yarda da wannan misali ɗari bisa ɗari, sai dai abin da yake nunawa shi ne haɗarin amfani da abin da ba a bincika cikinsa ba. Haɗarin nan yana nan a gabanmu. SWAT da DSSAT an fara gina su ne a kan ƙasa da damina da amfanin gona na wasu wurare. Idan za su faɗi gaskiya a kan kwarin Rima, inda ruwan shekara ke zuba cikin wata huɗu, zafi ke shanye ruwan dam da bazara, yashi kuma ke cike gindinsa, dole a sami wanda zai buɗe su ya karanta, ya ga inda aka ɗauka cewa ƙasa iri kaza ce, ya gyara. Wanda ya iya danna maɓalli kawai zai karɓi duk amsar da ta fito, ko da irin ta MALALA = 2 ce.

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962 da sunan ɗan Rabah, tana da cibiyar kwamfuta mai ɗauke da sunan Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafin da ya shugabanci jami'ar daga 1975 zuwa 1978, kuma da yawa daga cikin malaman lissafi da injiniyanci da suka fito daga Zariya da Sakkwato da Fortran suka fara. Wasunsu suna nan da ransu, sun yi ritaya ko suna gab da yi. Abin da ya kamata sassan kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Jihar Sakkwato su yi bai fi ƙarfinsu ba, domin SWAT da MODFLOW da WRF duk a buɗe suke kyauta, haka ma gfortran mai fassara Fortran ga inji. A bar Python ta zama harshen farko, amma kafin ɗalibi ya gama a ɗora masa ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, a haɗa shi da takwaransa na sashen nazarin ƙasa ko aikin gona, a nemi alƙaluman ruwan sama da na malalar gulbi daga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, a ce su lissafa ruwan da zai iso Goronyo a watan Agusta, sannan su gwada lissafinsu da abin da ma'aunin dam ya nuna a shekarun baya.