Gayauna, Aboki da Zuciya: Tushen Burin Samari da 'Yammata a Ƙasar Hausa

Hausawa ba su cika ƙidaya samartaka da shekaru ba. Daga balaga zuwa ranar aure namiji saurayi ne, mace kuwa budurwa, kuma cikin wannan ɗan lokaci ne kowannensu ya kan ƙulla abin da ya ke so ya zama. Mutane da yawa su kan ɗauka buri abu ne da ke tsirowa cikin zuciyar yaro shi kaɗai, kamar yadda gemu ke tsirowa. Amma in an duba zaman Hausawa na da da idon basira, za a ga buri ya kan zauna bisa duwatsu uku, kamar tukunya bisa murhu: abin da aka bar wa yaro ya zaɓa da kansa, da mutanen da ke kewaye da shi, da darajar da ya ke ganin yana da ita. Kowane dutse aka zare, tukunya ta karkace.

Karda da shigege

Cikin 1949 da 1950 wani masani mutumin Jamaika, M. G. Smith, ya zauna a ƙasar Zazzau yana binciken zaman jama'a. A wata maƙala da ya buga cikin 1959 ya bayyana yadda Hausawa su ka raba masu sana'a gida biyu. Wanda ya gāji sana'arsa wurin ubansa shi ne karda, wanda ya shigo ta daga waje kuwa shigege. Karda ya fi shigege girma a idon 'yan sana'a, ko da hannun shigegen ya fi ƙwarewa. Sana'o'in kansu ma hawa hawa ne: sarauta da malanta da fatauci suna sama, pawa da roƙo suna ƙasa. Saboda haka ɗan maƙeri tun yana zuga zugazugi ya san inda hanyarsa ta nufa, ga kuma karin magana na tuna masa cewa kyan ɗa ya gaji ubansa.

Wanda ya tsaya a nan zai ce saurayin da ba shi da zaɓi ko kaɗan. Gandu shi zai nuna masa akasin haka.

Gandu da gayauna

A ƙauyuka uba da 'ya'yansa maza su kan yi noma tare, shi a ke kira gandu. Uba ke da gona da iri da kayan aiki, shi ke ciyad da gida, a da shi ke biyan harajin 'ya'yansa, shi ke yi wa kowane ɗa auren fari. 'Ya'ya kuwa su ba da ƙarfinsu, galibi daga safe zuwa azahar. Bayan wannan uba ya kan yanka wa ɗa ɗan fili nasa na kansa, watau gayauna, ya noma da yamma da kuma ranakun hutu. Abin da zai shuka a ciki ra'ayinsa ne, ko gyaɗa, ko auduga, ko barkono. Abin da ya samu nasa ne, ya sayi riga, ko akuya, ko ya yi wa budurwa toshi.

Amfanin gayauna ya wuce na 'yan kuɗin da ta ke kawowa. A cikinta yaro ke koyon yanke shawara da ɗaukar abin da ta haifar. In ya yi lalaci ciyawa ta cinye shuka, hasara tasa ce, kowa kuma ya gani, amma rumbun gida yana nan, ba zai kwana da yunwa ba. In ya yi ƙoƙari, ya ga da idonsa hannunsa na iya jawo arziki. Kuskure ne mai arha, nasara kuma mai shaida. Wanda ya yi damina huɗu ko biyar a haka, ran da za a yi maganar aure ko fatauci ko fita cin rani, ya riga ya san nauyin kowace shawara.

Ba kowa ya sami wannan gata ba. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɓatagarawa kusa da Katsina cikin 1967, ta nuna a littafinta na 1972 cewa gandun matalauta ba ya daɗewa. Uban da gonarsa ba ta cika rumbu tilas ya tafi ƙwadago gonar wani a daidai lokacin da ya kamata ya noma tasa, 'ya'yansa kuma su watse neman na kansu. Yaron da ya tashi haka da wuya ya yi dogon buri, gama wanda ke neman tuwon yau ba ya shirya na baɗi.

Gayaunar 'yammata talla ce. Enid Schildkrout ta bi zaman yara a unguwanni biyu na birnin Kano wajen ƙarshen shekarun 1970, watau Kurawa, inda ma'aikata da dangin sarauta su ka yi yawa, da Ƙofar Mazugal ta 'yan kasuwa. Ta ga matan kulle ta hannun yara su ke ciniki, ribar tallan yarinya kuma ita a ke tarawa a saya mata kwanoni da tasoshi na ɗaki. A Kurawa yara sun fi shiga makarantar boko, a Ƙofar Mazugal 'yammata sun fi talla. Birni ɗaya ne, amma burin yarinya ya bi abin da ta ga ana yabo a unguwarsu. Talla tana koya lissafi da iya magana da mutane, ko da ya ke haɗarinta ga tarbiyya da karatu ba ɓoyayye ba ne.

A kan babban zaɓi, watau miji, bakin budurwa bai cika tasiri ba a auren fari. Baba ta Karo, wadda aka haifa cikin 1877, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi cikin 1954. Don bin umurnin ubanta ta auri ɗan'uwanta Duma, auren zumunta, alhali ga Malam Maigari yana nemanta. Bayan 'yan shekaru ta fita, ta auri Maigarin. Ta yi biyayya, amma ba ta saki abin da ta ƙudura ba, jinkirta shi ta yi har ta zama bazawara mai ikon kanta.

Wanda a ke gaya wa

Kunya ta kan shiga tsakanin iyaye da 'ya'ya, balle ɗan fari, wanda uwa ba ta ko ambaton sunansa. Saurayi ba ya zama gaban ubansa ya zazzage abin da ke ransa. Amma al'ada da ta rufe wannan ƙofa ta buɗe waɗansu. Akwai kakanni, waɗanda wasa ke tsakaninsu da jikoki, cikin wasan kuwa a kan faɗi gaskiyar da ba ta faɗuwa a zaure. Akwai kawu da gwaggo, da mariƙin da aka ba yaro tallafi. Akwai malamin allo, da ubangida a kasuwa, wanda yaro zai bi shekaru yana ɗaukar kaya yana koyon ciniki, har ranar da zai sallame shi da jari. Galibin shigege ta hannun irin waɗannan su ka shiga sana'ar da ba ta gidansu ba. Yaro ba ya burin abin da bai taɓa gani kusa ba.

Sa'an nan ga tsara. Saurayi yana da amininsa, wanda zai zama babban aboki ran aure. Budurwa tana da ƙawa, suna musayar kyauta a kowane biki, abin ya ɗore har tsufa. Baba ta ambaci kuma ƙanwar rana, watau yarinyar da wata babba ta ɗauka tana ja mata gora. Samarin gari su kan naɗa Sarkin Samari da hakimansa, suna kwaikwayon sarautar fada, su shirya gayya da kalankuwa, su ci tarar wanda ya saɓa. Wasa ne, amma a cikinsa ɗan talaka kan ɗanɗana shugabanci, ya ji an kira shi da suna mai girma. Ƙarfin wannan tsari ya sa gwamnatin Seyni Kountché a Nijar, bayan 1974, ta raya shi da sunan Samariya don ayyukan gayya na ƙasa. Tsara kuwa ba alheri kaɗai ta ke kawowa ba, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Zuciya da mutunci

Cikin wata lacca da aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halaye goma na mutumin kirki ga Hausawa: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. In an lura, kusan dukansu sai da wani mutum a gaba su ke bayyana. Haka darajar kai ta ke ga Bahaushe: daga idon jama'a a ke fara samunta, kafin ta zauna a zuci. Shi ya sa a ke cewa an ci mutuncin wane, kamar dukiya ce da wani zai iya cinyewa.

Harshe ya bambanta girman kai, wanda abin zargi ne, da sanin ciwon kai, wanda abin yabo ne. Yana da kuma kalmar zuciya. In an ce yaro yana da zuciya, ana nufin ba ya yarda a ciyad da shi yana zaune, ba ya yarda tsaransa su wuce shi. In an ce zuciyarsa ta mutu, an gama magana. Al'ada ta san yadda a ke hura wannan wuta. A wurin gayya makaɗa su kan bi manoma kunya kunya, suna kiran taken wanda ya fi, 'yammata na guɗa. Yaron da ya ji an wasa shi gaban gari ya kan fara mafarkin dame dubu da sarautar Sarkin Noma. Wanda kullum a ke kira shashasha kuwa, ya kan yanka burinsa daidai da sunan da aka ba shi.

Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa cikin 1923, shigege ne a waƙa. Mahaifinsa bai so ya yi ta ba, don a ganinsa roƙo ne, ba kuma gadon gidansu ba. Yaron ya yi tallan goro da alewa, yana waƙa a dandali don nishaɗi. A can tsaransa su ka nuna masa muryarsa tana da daraja, talla kuma ta koya masa tsayawa da ƙafarsa a kasuwannin da ba a san ubansa ba. Kafin rasuwarsa cikin 1999 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa saboda sana'ar nan da aka so hana shi.

Zamanin makaranta

Tun daga makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano cikin 1909, boko ya fara kwance ɗaurin gado. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kai shi ƙauyuka, hukumar JAMB da aka kafa cikin 1978 kuma ta zama ƙofar jami'a. Yau ɗan mahauci yana iya zama likita, 'yar maƙeri alƙaliya. Wannan ci gaba ne da ba mai musu. Sai dai manyan zaɓuɓɓuka sun yawaita, ƙanana sun ragu. Yaro ɗan shekara goma sha biyar a kan ce ya zaɓa tsakanin ajin kimiyya da na adabi, alhali bai taɓa riƙe wani abu nasa da zai lalace ko ya yi kyau a hannunsa ba, sakamakon kuma sai bayan shekaru zai gani. Gandu ya raunana a wurare da yawa, gonaki sun tsattsage wajen rabon gado. Uba manomi bai san abin da zai ce a kan kwas ba, kawu yana wani gari. Wayar hannu kuwa tana nuna wa yaro arzikin mutanen da bai san hanyar da su ka bi ba, sai ya auna kansa da su ya raina kansa.

Cikin 1966 James Marcia, masanin halin ɗan Adam a Amurka, bisa tafarkin Erik Erikson, ya raba matasa gida huɗu: wanda ya nema ya tsaya a kan abu, da wanda ke cikin nema, da wanda ya karɓi abin da aka miƙa masa ba tare da nema ba, da wanda ba ya nema bai kuma tsaya ko'ina ba. Karda ya yi kama da na uku, ko da ya ke gayauna da dandali sun ba shi filin gwaji fiye da yadda rabon ya nuna. Abin tsoro a yau shi ne na huɗu, wanda Hausawa ke kira mai zaman kashe wando. Ba safai lalaci ke kai yaro can ba. Sau da yawa gado ne ya sake shi, makaranta ba ta kama shi ba.

Gandu ba zai dawo yadda ya ke ba, auren dole kuwa ba abin kewa ba ne. Amma hikimar gayauna ba ta bukatar gona. Keken ɗinki, ko akuya biyu, ko teburin gyaran waya bayan an tashi makaranta, duk suna yin aikinta, muddin ribar da hasarar na yaron ne, namiji ko mace. Yana bukatar kuma babba guda, ban da uwa da uba, wanda ya san hanyar da ya ke so ya bi, zai kuma ji maganarsa ba tare da tsawa ba. Yabo kuwa a yi shi a kan aikin da aka gani, a gaban mutane, kamar yadda makaɗan gayya ke yi. Iyaye da malaman da su ka tanadi waɗannan ba sai sun zaɓa wa yaro abin da zai zama ba.