Ove Fundin, Gwanin Tseren Babur na Ƙasar Suwidin

Tseren sifidiwe wasa ne da ake yi da babur marar birki, mai giya ɗaya tak. Mahaya huɗu ke karawa a lokaci guda, su kewaya fili mai siffar ƙwai sau huɗu, suna shan kwana ta hanyar zamar da ƙafar baya a kan turɓaya. Na ɗaya ya sami maki uku, na ƙarshe ya tashi a tutar babu.

A wannan fage ne Ove Fundin ya yi suna. An haife shi a garin Tranås na ƙasar Suwidin cikin 1933, ya kuma yi wa ƙungiyar Norwich ta Ingila wasa daga 1955 zuwa 1964. Sau biyar yana zama zakaran duniya: 1956, 1960, 1961, 1963 da 1967.

Sai dai ba a nan bajintarsa ta tsaya ba, domin Ivan Mauger da Tony Rickardsson sun zarce shi daga baya da shida-shida. A zamaninsa a dare ɗaya ake fid da zakaran duniya, kowane mahayi ya fita sau biyar kacal. Inji ya ba da matsala sau ɗaya, wahalar shekara ta bi ruwa ke nan. Duk da haka, daga 1956 har 1965 Fundin bai taɓa sauka ƙasa da matsayi na uku ba. Nasararsa ta 1967 kuwa ta zo yana da shekara 34, bayan karon raba gardama a filin Wembley da ɗan ƙasarsu Bengt Jansson.