Nauyi da Girman Kaya: Inda Kuɗin Mota Ke Cinye Ribar Falke

A zaman da muka yi a Tibati bayan cin kasuwa, wani yaronmu da bai daɗe da shiga sana'ar ba ya yi tambaya. Ya ce me ya sa mai tirela ke yanka masa kuɗi ɗaya ko ya zuba shanu 24 ko ya zuba 30, amma ranar da ya ɗauko gishiri da kanwa sai aka tsaya ana ƙirga masa buhu? Dattawa suka yi dariya, amma da aka zo ba da amsa sai kowa ya kama kame-kame. Shi ya sa muka ga ya dace mu warware maganar a wannan shafi.

Kowace mota iyaka biyu gare ta. Akwai iyakar nauyin da za ta ɗauka, akwai kuma iyakar filin da ke cikin bodinta. Wadda kayanka suka fara cikawa, ita ce kake biya. Gishiri, kanwa da siminti nauyi suke fara cikawa, sai ka ga rabin bodi fayau amma direba ya ce ba ya ƙara ko buhu ɗaya. Shanu, harawa da busasshen kifin Mbakau kuwa fili suke cinyewa, motar ta cika maƙil alhali ko rabin ƙarfinta ba ta ɗauka ba. Mai mota dai mansa ɗaya ne, tayarsa ɗaya ce, 'yan hanya ma ba za su rage masa ba don ya ɗauko kaya marasa nauyi.

Mu fara da shanu, tunda su ne abincinmu. Bodin babbar tirela bai cika wuce mita 12 zuwa 13 a tsawo ba, faɗinsa kuma bai kai mita biyu da rabi ba a ciki. Wato filin da ke akwai wajen murabba'in mita 30 ne. A dokar da ƙasashen Tarayyar Turai suka yi a 2005 kan safarar dabbobi, an ƙayyade wa sa mai kilo 325 fili daga murabba'in mita 0.95 zuwa 1.30, mai kilo 550 kuma daga 1.30 zuwa 1.60. Dokar ba ta hau kanmu ba, amma ma'aunin yana da amfani. Ku duba da kyau: nauyin san ya ƙaru da fiye da kilo 200, amma filin da yake ci bai ƙaru da yawa ba. Nan ne maganar take.

Bari mu yi misali da alƙalami. A ce mun yi jinga da mai tirela daga Tibati zuwa Yaunde a kan Sefa 900,000. Kuɗin misali ne kawai, kowa ya sa na kakarsa. Falke na farko ya zuba matsakaitan shanu 30, kowane kilo 300. Kai ɗaya ya tashi masa a kan Sefa 30,000, jimillar nauyi kilo 9,000, wato kowane kilo ya ci Sefa 100 na mota. Falke na biyu ya zuba manyan bijimai 24 masu kilo 450. Kai ɗaya ya tashi masa Sefa 37,500, sai a ji kamar shi ne ya sha tsada. To amma kilo 10,800 ya ɗauko, kowane kilo bai kai Sefa 84 ba. Mahaucin Etudi kuwa nama yake saye, ba yawan kawuna ba. Mu da muka saba lissafi da kai, nan muke ruɗin kanmu shekara da shekaru.

Sai maganar ƙaho, wadda Turawan can ba su cika fama da ita ba. Gudalin Adamawa gajeren ƙaho gare shi, jikinsa a dunƙule, yana jeruwa a mota kamar an tsara. Jajayen shanun Mbororo kuwa dogaye ne, ƙahonsu ya buɗe, kowane ɗaya sai ya ci filin da ya fi nauyinsa, ga kuma sukar juna idan aka matse su. Wanda ya sayi Mbororo da araha a Adumri ko a Ngaundal, ya tuna cewa wani abu daga arahar nan zai koma aljihun mai mota. Ba cewa muke a daina sayensu ba, suna da kasuwarsu kuma sun fi jure tafiyar ƙasa. Cewa muke a sa ƙahon cikin lissafi tun a kara, kafin a ce "sallama".

Dabarar da ke fara zuwa ran kowa ita ce a ƙara cusawa. Mu ma mun taɓa yi. Wata shekara da damina muka ƙara kai huɗu a kan abin da bodin ke ɗauka, muna murna mun rage kuɗin kai. Kafin mu kai Yoko ɗaya ya faɗi a wani gangare, yaran rakiya suka yi ta fama da sanda da igiya amma babu inda zai sa ƙafa ya miƙe. Sai da muka yanka shi a bakin hanya, muka sayar da naman yadda aka taya. Biyu kuma suka isa da rauni, dillali ya karya musu daraja. Abin da muka so mu rage bai kai sulusin abin da muka rasa ba. Sakin fili da yawa shi ma matsala ne, domin duk birkin da direba ya taka sai dabbobi su watse su bugi bodi. Gwanin lodi shi ne wanda ya san tsakiya, kuma ladansa ba asara ba ce.

Jirgin ƙasa ma haka abin yake. Tun da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, shanun Adamawa ke sauka Yaunde da Duwala a tarago, kuma mu mutanen Tibati tashar Ngaundal ce ta fi mana kusa. Kamfanin Camrail ya karɓi layin a 1999. Shi ma tarago fili ne ke cika shi ba nauyi ba, don haka lissafin kilo da muka yi a sama bai canja ba. Abin da za a ƙara shi ne kwanakin jira a tasha. Dabbar da ta kwana biyu uku ba ciyawa ba isasshen ruwa ramewa take, filin da za ta ci kuma bai ragu ba.

To, idan mota ta juyo fa? A nan abin ke juyewa. Mai dawowa da gishiri daga kudu, ko mai ɗauko kanwa da tunkuzar angurya ta Sodecoton daga Garwa, shi sikelin hanya ne abin tsoronsa. Dokar kare hanyoyi ta Kamaru ta 1996 ta yanke cewa kada mota da kayanta su wuce tan 50, layin taya guda kada ya ɗauki fiye da tan 13, biyu a haɗe tan 21, uku a haɗe tan 27. Tarar da ta sa ta fara daga Sefa 25,000 a kan kowane tan da ya haura, ta kai har 75,000 idan ƙarin ya wuce tan 10. An sabunta dokar a 2022, wuraren awon kuma suna nan suna aiki. Ku lura tan 50 ɗin har da nauyin motar kanta. Buhu 600 masu kilo 50 sun riga sun kai tan 30. Ana kuma iya kama ka ko jimilla ba ta wuce ba, idan 'yan dako sun jibge kayan a kan tayoyin baya. Shi ya sa ba a barin wurin lodi a tafi shan shayi.

Ko ɗan kwalin maganin dabbobi da muke aikawa bai tsira ba. Kamfanonin jirgin sama suna auna tsawo, faɗi da tsayin kwali da santimita, su ninka su da juna, su raba da 6,000. Abin da ya fito su kwatanta shi da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi ake biya. Kwali mai 60 da 40 da 50 ya tashi kilo 20 ke nan, ko da kilo 8 ne a ciki. Masu kai saƙon gaggawa irin su DHL da 5,000 suke rabawa, sai ya zama kilo 24. Masu bas-bas na Garwa da Ngaundere ba sa fito da ma'auni, da ido suke yanka kuɗi, amma idon nasu girman kwali yake kallo. A matse kaya a ƙaramin kwali, a daina biyan kuɗin iska.

Malamanmu na fiƙihu sun karantar da mu cewa haya ba ta inganta sai an san abin da aka yi hayar dominsa da ladan da za a biya. Yawancin rigimar da ke zuwa gaban shugabannin ƙungiya daga nan take tasowa. Kafin a ɗora sa na farko, a faɗi a gaban shaidu: motar duka aka ɗauka ko kuɗin kai ne, kai nawa za a zuba, wa zai biya yaran rakiya, kuma idan sikeli ya kama kayan dawowa, wuyan wa tarar take. Masu tsallakawa Mubi ko Gembu su ƙara da faɗin kuɗin da za a biya da shi, Sefa ko Naira, da canjin ranar da aka yi jinga.